Jan mota a bayan mota da zaɓen zango: Abin da matafiyi zai sani a hanyoyin Zuru

Duk wanda ya saba bin hanyoyin da ke shiga garin Zuru, ko ta Koko da Mahuta, ko ta Rijau daga Kontagora, ko kuma ta Maga daga ɓangaren Zamfara, ba zai rasa cin karo da motoci biyu ɗaure da juna ba. Ta gaba tana nishi, ta baya inji a kashe, tsakaninsu igiya ko sarƙa, wani lokaci ma bel ɗin kujera da aka yanko. A cikin ta bayan akwai mutum riƙe da sitiyari, idonsa a kan fitilar birkin ta gaba, sau da yawa kuma ga fasinjoji da buhunan dawa tare da shi. Yawancin irin wannan tafiya tana ƙarewa lafiya a garejin bakanike. Wadda ta ɓaci kuwa, galibi a gangara take ɓaci, domin jan mota abu ne mai sauƙi. Tsayar da motoci biyu da birkin guda ɗaya shi ne aikin.

Masarautar Zuru, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, kuma ƙasarta ta bambanta da shimfiɗaɗɗen filin Birnin Kebbi da Argungu. Akwai duwatsu da tuddai, akwai hawa da gangara da kwana, ruwan damina kuma ya fi na arewacin jihar yawa, yana cin gefen kwalta yana buɗe ramuka. Garejin da zai iya taɓa giyar zamani ba a kowane gari yake ba. Saboda haka direba a wannan yanki yana buƙatar sanin abu biyu da suke tafiya tare: yadda ake jan mota ba tare da an kashe ta ko an kashe mutum ba, da kuma inda ya dace a kwana idan dare ya riski tafiya.

Motar tafi-da-gidanka da 'yar rakiyarta

Inda aka fi zurfafa wannan ilimi shi ne Amurka da Turai, a wajen masu motocin da aka ƙera da ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki. Hausawa sun riga sun ba wayar hannu da kotun da ke yawo sunan tafi-da-gidanka, alhali wannan mota ce ta fi cancantar sunan. Tun a 1885 wani likita ɗan Birtaniya, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa keken doki mai ɗaki don yawon shaƙatawa, kuma a 1907 aka kafa ƙungiyar masu irin wannan yawo a can. A Amurka kamfanin Winnebago na Jihar Ayowa ya fara fitar da motoci masu ɗaki a 1966, yau kuma mafi yawan waɗanda ake ƙerawa a ƙasar daga yankin Elkhart na Jihar Indiyana suke fitowa.

Babbar cikinsu takan kai tsawon mita 12 ko 13, wato kamar doguwar bas. Idan mai ita ya isa sansani ya kafa ta, ya jona mata wuta da ruwa, ba zai so ya tayar da ita don zuwa sayen burodi ba. Shi ya sa suke jan ƙaramar mota a baya, gidan ya zauna a zango, ƙaramar ta shiga gari. Da yake suna jan ta dubban kilomita a shekara, sun gwada kowace dabara, sun kuma biya kuɗin kowane kuskure, har kamfanoni da hukumomi suka rubuta ƙa'idoji. Ƙa'idojin nan ba su san Amurka ko Najeriya ba. Nauyi da gudu da ƙarfe ne suka haife su, kuma suna aiki a gangaren Dabai kamar yadda suke aiki a kowane dutse na duniya.

Arewa ma ba baƙuwar irin waɗannan matafiya ba ce. A shekarun 1970 da 1980 Turawa sun riƙa ratso Sahara ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram a manyan motoci masu ɗauke da tantuna, suna yada zango a sansanin 'yan yawon buɗe ido na Kano, kafin rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar su rufe hanyar a farkon shekarun 1990.

Yadda ake ja

Masu tafi-da-gidanka suna da hanya uku. Ta farko ita ce a bar ƙafafun ƙaramar motar huɗu a ƙasa, a haɗa ta da ta gaba da sandar ƙarfe mai baki biyu wadda aka ɗaure a wani faranti da aka kafe a jikin shasi. Wannan ta fi sauƙin kwancewa, amma ba kowace mota ce ke jure ta ba, kuma ba a yin ribas da ita. Duk wanda ya gwada zai lanƙwasa sandar ko ya karya wani abu a ƙafar gaba. Ta biyu ita ce a ɗora ƙafafun gaba a kan wani ɗan amalanke mai taya biyu, na baya su riƙa gudu a ƙasa, abin da ya dace da motar da ƙafafun gaba ne ke jan ta. Ta uku ita ce a ɗora motar gaba ɗaya a kan tirela ko a bayan janwe mai shimfiɗaɗɗen baya. Ita ce mafi tsada, ita ce kuma kaɗai ba ta cutar da kowace irin mota.

Igiya ba ta cikin lissafinsu ko kaɗan. A wajensu igiya kayan ceto ne, na fitar da mota daga laka ko daga tsakiyar titi zuwa wuri mafi kusa da za a iya tsayawa. A wajenmu ita ce ta zama hanyar farko, saboda janwe ba ya kusa, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne.

Nauyi da birki

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya yarda ta ja, kuma yana rubuce a littafinta. Iyakar iri biyu ce: ta abin da ke da birkin kansa, da ta wanda ba shi da shi. Hilux na zamani na iya jan har kilo 3,500 idan abin da ake ja yana da birki, amma idan babu birki iyakarsa kilo 750 ne. Wannan adadi na 750 shi ne kuma dokar Birtaniya da ta Tarayyar Turai: duk tirelar da ta wuce shi dole ta kasance da birkinta. A jihohin Amurka da yawa iyakar fam 3,000 ce, kimanin kilo 1,360, wasu ma ƙasa da haka. Shi ya sa masu tafi-da-gidanka ke saka wata na'ura a cikin ƙaramar motar, wadda ke taka mata birki duk lokacin da ta gaba ta taka.

To, Corolla ɗaya ba kowa a ciki tana da nauyin kilo 1,200 zuwa 1,300. Idan motar da nauyinta kilo 2,000 ne ta ja ta, kuma birkin ta baya bai taimaka ba, nauyin da birkin ta gaba zai tsayar ya ƙaru da kusan kashi 65 cikin 100, tazarar tsayawa ma za ta ƙaru da kwatankwacin haka. Idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar tana ninkuwa sau huɗu. A doguwar gangara kuma akwai ƙarin matsala: birkin da aka daɗe ana takawa yana zafi, in ya yi zafi yana sakewa. Maganinsa a sauko da ƙaramar giya tun daga saman tudu, inji ya riƙe motar, a riƙa taɓa birki ana sakewa.

Mai karatu zai ce ai akwai direba a motar baya, shi zai taka nasa birkin. Gaskiya ne, sai dai birkin ƙaramar mota yana samun taimako daga inji. Da zarar inji ya mutu, taku biyu ko uku ne suka rage masu laushi, daga nan feda ta zama kamar dutse, sai an danna da dukan ƙarfin ƙafa kafin ta kama. Sitiyari ma haka, yakan yi nauyi. Direban da bai taɓa jin wannan ba yakan firgita a daidai lokacin da bai kamata ba. Idan injin motar yana iya tashi, kuma lalacewar ba ta mai ko ta ruwan lagireto ba ce, gara a bar shi yana aiki a hankali yayin ja.

Ga kuma lissafin tazara. Dokar Birtaniya ba ta yarda igiyar ja ta wuce mita 4.5 ba, kuma idan ta wuce mita 1.5 dole a ɗaura mata abin da zai sa a gan ta. Motar da ke gudun kilomita 45 a awa tana cin mita 12.5 a daƙiƙa ɗaya, wato tana cinye tsawon igiyar nan a ƙasa da rabin daƙiƙa, alhali mutum na buƙatar kusan daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta amsa abin da idonsa ya gani. Ƙa'idar hanya ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa wa janwe iyakar kilomita 45 a awa idan yana ja, ko a gari ko a babbar hanya. Wannan janwe ke nan, mai ƙarfen da aka ƙera don aikin. Mai igiya bai kamata ya wuce 20 zuwa 25 ba.

Giya, inda kuɗi ke ƙonewa

Tsofaffin direbobin da suka koyi aiki a kan Peugeot 504 sun saba da cewa a sa mota a firi a ja ta ko'ina. A giyar manuwal wannan yakan wuce lafiya idan tafiyar ba ta yi nisa ba. A otomatik labarin daban ne. Famfon da ke zagaya da mai a cikin giyar inji ne ke juya shi. Idan inji a kashe yake, tayoyi kuma suna gudu a ƙasa, ƙarafan ciki suna juyawa babu mai, suna zafi suna cin juna, ko da sandar giya tana kan N. Littattafan motoci da yawa sun iyakance irin wannan ja ga gudun da bai wuce kilomita 50 a awa ba da nisan da bai wuce kilomita 50 ba, wasu ƙasa da haka, wasu kuma sun hana shi ɗungurungum. Sau da yawa motar da aka jawo saboda famfon fetur na 'yan dubbai takan iso gareji da giyar da za ta ci dubban ɗaruruwa.

Idan dole ne a yi nisa, a ɗaga ƙafafun da ke jan motar daga ƙasa. Mai ja da ƙafar baya, bakanike na iya kwance mata farfela ya ɗaure a gefe. Motar da ƙafafunta huɗu ke ja koyaushe, da mai haɗa fetur da lantarki, da mai lantarki zalla, wurinsu bayan janwe ne kawai. Haka kuma motar da ake tayarwa da maɓalli: idan batirinta ya mutu, sitiyari na iya kullewa, birkin hannu na lantarki ya ƙi sakuwa. A mai makulli, a murɗa shi matakin farko don sitiyari ya saku, kada a zare shi har a isa. Manyan motoci masu birkin iska kuwa akasin ƙananan suke: idan iska ta ƙare birkinsu kamewa yake, don haka sai an ba su iska daga motar gaba ko an saki birkin da hannu, wanda aikin ƙwararre ne, kuma ba a yinsa sai an sa wa tayoyi waigi.

Idan igiyar ce kaɗai a hannu

A ɗaura a inda aka tanada. Motoci da yawa suna da zoben ƙarfe mai zare a cikin but kusa da jak, wanda ake murɗawa a wani rami da ke ɓoye a bamba. A wasu motocin Jamus zarensa na hagu ne, sai an juya shi baibai. Ba a ɗaurawa a bamba, ko a ƙarfen sitiyari, ko a hannun ƙafa. A wasu motocin da aka shigo da su daga Amurka, ƙugiyar da ke ƙasa ta ɗaure mota a jirgin ruwa ce, ba ta jure fizga.

Kanikawanmu suna da dabara biyu masu kyau. Ɗaya ita ce zura sarƙa ko igiya ta cikin bututun ƙarfe, ta yadda ta baya ba za ta iya cim ma ta gaba ba. Ɗayar ita ce saka tsohuwar taya a tsakiya don ta shanye fizga. Sandar ƙarfe ta gaskiya ta fi duka biyun, kuma duk mai motar haya da ke bin waɗannan hanyoyi kullum ya kamata ya sa maƙeri ya yi masa. A ɗaura jan ƙyalle a tsakiyar igiya saboda masu babur, waɗanda sukan kutsa tsakanin motoci biyu ba su san a ɗaure suke ba. A sauke fasinjoji da kaya daga ta baya. Direbobin biyu su yi magana tun kafin tashi a kan alamar tsayawa, ko su bar waya a buɗe tsakaninsu. Na gaba ya tashi a hankali har igiya ta miƙe, na baya kuma aikinsa ya hana ta yin sako-sako, yana ɗan taɓa birki. Kada kowa ya tsaya kusa da igiyar da ake ja. In ta tsinke, bulala ce mai karya ƙashi. Lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.

Wane shiri ya dace da wannan ƙasa

Akwai masu tambayar ko mota mai ɗaki za ta yi amfani a nan. Babbar irin ta Amurka tana shan lita 25 zuwa 35 a kowace kilomita 100, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan kaɗai ya isa hujja. Bayanta yana da tsawo a bayan taya, yana dukan ƙasa a duk kwalbatin da ya karye. Kayan wutarta na volt 120 ne, namu 230. Sansanonin da ake jona mata ruwa da wuta babu su. Ta Birtaniya kuwa sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuma ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, doka ba ta yarda da irin wannan sitiyari ba. Sannan abu ne mai jan ido, a yankin da jan ido ba alheri ba ne.

Masu kwana a daji saboda aiki a ƙasar Zuru ba 'yan shaƙatawa ba ne. Masu haƙar rijiyar burtsatse ne da ke tafiya da motar haƙa da ta kwamfaresa, da ma'aikatan hanya, da masu awon ƙasa, da 'yan kasuwar hatsi, da masu jan injin sussuka a bayan tarakta daga gona zuwa gona da kaka. Abin da ya dace da su mota ɗaya ce mai tsayi daga ƙasa, wadda kayan gyaranta ke samuwa a Zuru ko Kontagora, da tamfol, da tabarma ko gadon ninkewa, da gidan sauro. Idan kaya sun yi yawa a ƙara ƙaramar tirela, a ɗora mai nauyi a gaban tayarta kaɗan, ta yadda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin zai sauka a kan mahaɗa. In nauyi ya koma baya, tirela takan fara lilo da zarar an yi gudu, har ta juya motar. A haɗa sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashin mahaɗar, don su tare ta idan ta zame. A kuma tuna kowace litar ruwa kilo ɗaya ce: durom mai lita 200 ya kai nauyin mutum uku.

Zango

Fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja ta ƙasar Yawuri suna dawowa da goro ba su bar zaɓen masauki ga sa'a ba. Madugu ne ke yanke inda ayari zai kwana, ana tashi da asuba, ana sauka rana na sama, kusa da ruwa da gari, bayan an gaida sarkin wurin an biya abin da ake biya. Yanayin tsaro ya dawo da wannan tsari. Shekaru ke nan 'yan bindiga na addabar sassan masarautar, musamman Danko-Wasagu da Sakaba, inda a watan Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna. Kafa tanti a dajin da ba kowa, irin wanda ake gani a hotunan Turawa, ba shi da wuri a nan.

A tambayi labarin hanya a tasha kafin a tashi, wajen direbobin da suka shigo da safiyar nan. A tsara tafiya ta ƙare kafin la'asar sakaliya. Idan mota ta mutu da yamma, manufar ja ita ce gari mafi kusa, ba garejin da aka fi so ba. A kai ta tasha ko gidan mai ko kusa da ofishin 'yan sanda, a ƙarasa da safe. Ja da igiya cikin dare, da motar da fitilunta ba sa kamawa, haɗa haɗari biyu ne. Masu aikin kwanaki a ƙauye su fara da gidan mai unguwa ko dagaci, su faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su, shi zai nuna inda za a sauka. Baƙon da ba a san da zuwansa ba yana jawo wa kansa zargi daga 'yan banga kafin ma a zo ga ɓarayi. Lokacin bikin Uhola, da gari ke cika da baƙi, a nemi masauki tun da wuri.

Wurin kwanan ya zama tudu mai ɗan faɗi. Da damina ba a sauka a busasshen rafi ko gindin kwalbati, domin ruwan da aka yi a kan dutse yakan iso inda ko ɗigo bai sauka ba. A juya gaban mota ya kalli mafita, a kwance abin da ake ja idan zai hana fita da sauri, a sa dutse a taya. Janareto ya yi nisa da inda ake kwance, ta ɓangaren da iska ke tafiya. Da hunturu kada a shiga da gawayi cikin tanti ko mota a rufe, haka kuma ba a kwana a mota inji na aiki gilasai a ɗage: iskar da ke kisa a nan ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci yake ji kawai. A share ciyawa a kewayen shimfiɗa, a ajiye tocila a kusa da kai, da safe kuma a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, saboda kunama da kububuwa.